Bakin hardis ya karye, ba cikinsa ba

1/ 'Yan Sakkwato, musamman ɗaliban Danfodiyo da ke ajiye aikin kammala karatu a hardis guda ɗaya: in bakinsa ya karye, kar ku jefar, kar ku yarda a goge. Bari in ba ku tarihin wannan ɗan bakin, za ku gane dalili.

2/ Hardis na farko IBM ta fito da shi a 1956. Faifai 50 ne a jere, faɗin kowanne inci 24, abin ya fi firij girma. Duka abin da yake ɗauka bai wuce megabait 5 ba. Hoto ɗaya na wayarka kenan fa.

3/ A 1986 aka samu baki mai haƙora 40 da ake kira IDE, da wayarsa mai faɗi kamar ɗamara. Tsofaffin masu gyara sun san wahalarsa: haƙori ɗaya ya lanƙwashe, sai a zauna da allura ana miƙe shi.

4/ Daga 2003 SATA ya fara kore shi. Haƙora 7 na bayanai, 15 na wuta, a shimfiɗe kan siririn harshen roba. Ya fi sauri, ba musu. Amma a ƙa'idarsa, cirewa da sakawa sau 50 kawai aka lamunce masa. An yi shi ne don ya zauna cikin kwamfuta, mu kuma muna yawo da shi a aljihu kan kabu-kabu.

5/ To ga inda nake son ku tsaya. Ku je Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ku ga littattafan zamanin Shehu da Sarkin Musulmi Bello. Ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne a sake, a sa su cikin tadarishi, a zura a gafaka. Tadarishi ya yage, sai a kai wa baduku ya yi sabo. Ba wanda ya taɓa cewa littafin ya mutu.

6/ Haka bakin hardis. Yana kan fanel ne a waje, bayananka suna kan faifai a ciki. Mai gyara da ya san aikinsa zai narka dalma ya cire karyayyen baki ya dasa wani, ko ya ja wayoyi kai tsaye daga fanel, a kwashe komai.

7/ Inda ake ɓarna shi ne a ce "a canza fanel kawai". Akwai ƙaramin aisi mai riƙe da saitin wannan hardis ɗin shi kaɗai, tun daga masana'anta. Magabata kan rubuta kalmar farkon warƙa ta gaba a ƙasan kowace warƙa don kar jeri ya rikice. Aisin nan kusan aikinsa kenan. In ba a ɗauko shi an mayar kan sabon fanel ba, yawanci sai ka ji ƙas-ƙas, ba abin da zai buɗe.

8/ Ni dai duk wanda ya ɗauki sukundireba zai buɗe murfin ƙarfen saboda matsalar baki, karɓe kayanka. Faifan yana juyi 5400 ko 7200 a minti, allurar karatu na shawagi a kansa da tazarar da ƙwayar ƙura ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Ga kuma ƙurar hunturun Sakkwato.

9/ In aka samu ya tashi, a nan shagon za ka kwafe komai zuwa wani wuri, kafin ka miƙa kuɗin gyara.