Kyamara a ɗakin matuƙin jirgi: abin da tarihin baƙin akwati ya nuna

Lokacin da aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya a 1964, wadda jiragenta ke shawagi a saman unguwar Hanwa har yau, naɗar muryar matuƙi sabon abu ne. David Warren, wani masanin kimiyya ɗan Ostareliya, shi ya ƙera samfurin na'urar a shekarun 1950, ƙungiyar matuƙan ƙasarsa kuwa ta ƙi ta, tana ganin ɗan leƙen asiri ake son dasa musu. Duk da haka baƙin akwati ya zama dole a duniya, bisa sharaɗin cewa masu binciken haɗari ne kaɗai za su saurare shi.

Sai dai kunne ba ya kama komai. Ranar 31 ga Oktoban 1999 jirgin EgyptAir ya faɗa teku bayan tashinsa daga New York, mutum 217 suka rasu. An ji mataimakin matuƙi yana ta maimaita "tawakkaltu alallahi". Masu binciken Amurka suka ɗora alhakin faɗuwar a kansa, Masar ta ce na'ura ce ta lalace, kuma kowane Musulmi yana furta wannan kalma safe da yamma. Har yau ba a daidaita ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar binciken haɗari ta Amurka, NTSB, ta nemi a saka kyamara a 2000. Haɗarin Air India a Ahmedabad a Yunin 2025 ya sake tayar da maganar, domin an ji wani matuƙi yana tambayar ɗan'uwansa dalilin katse mai, shi kuwa ya ce bai katse ba. Hannun wa ya taɓa maɓallin man, murya ba ta faɗa.

Matuƙan da ke adawa da kyamarar suna da hujja mai nauyi. An taɓa watsa muryoyin abokan aikinsu a kafofin labarai, kuma a zamanin WhatsApp ba wanda zai so iyalinsa su ga mutuwarsa a wayar maƙwabci. Suna kuma tsoron kamfani ya mai da hoton bulalar ladabtarwa. Amma wannan matsala ce ta tsaron amana, kuma doka ce maganinta, kamar yadda Amurka ta tsaurara dokar sakin muryoyin bayan an ci amanar. Hoto ma yakan wanke mamacin da ba zai iya kare kansa ba.

A Najeriya akwai aikin da ya riga wannan: tabbatar da cewa bayanan baƙin akwatin kansu ba su salwanta ba. Ba a samu na'urorin naɗar bayanan jirgin Bellview da ya faɗi a Lisa a 2005 ba, wuta kuma ta cinye bayanan tafiyar jirgin Dana a Legas a 2012. Kafin kyamara ta iso kuma, ya kamata majalisa ta hana kowa ganin hoton in ba hukumar bincike ta NSIB ba, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya fitar da shi.