Yini Ɗaya a Ɗulaiɗula

Aiki ne ya kai ni Madrid. Taron masu rubuta manhajar kwamfuta aka yi na kwana uku, aka tashi ranar Juma'a, jirgina kuma sai Lahadi da dare. Abokan tafiyata biyu ba su yi wata-wata ba suka ce Asabar ɗinsu ta filin Real Madrid ce, don in suka koma gida babu hoton Bernabeu kamar ba su je ba ne. Ni kuwa na rufe ido na fitar da kuɗin da na san zan ji a jikina har ƙarshen wata, na ɗauki jagora tawa ni kaɗai, da mota, zuwa Toledo, garin da Larabawa suke kira Ɗulaiɗula.

Dalilina na ƙin bin ayari shi ne ina da tambayoyi. Wanda ya shiga cikin mutum arba'in yana bin mai ɗaga lema ba ya samun damar cewa "dakata, a wace shekara?" Jagorar tawa dattijuwa ce 'yar garin, tarihi ta karanta, kuma tun a mota ta gane irin baƙon da Allah ya haɗa ta da shi.

Tafiyar kilomita 70 ce kudu da Madrid, kamar awa ɗaya. Ba ta shigar da ni gari kai tsaye ba. Sai da ta zagaya da ni wani tudu a tsallaken kogin Tajo, inda ake hango garin gaba ɗaya a kan dutse, kogin ya naɗe shi ta ɓangare uku. Wanda ya ga wannan ba ya bukatar a gaya masa abin da ya sa kowa ya so garin. Rumawa sun riƙe shi suna ce masa Toletum. Bayan su ya zama babban birnin sarakunan Bisigot. A 711 Ɗariƙu bin Ziyad ya shige shi, ya zauna a hannun Musulmi shekara 374.

Mun fara da dandalin Zocodover, inda kowa yake farawa. Sunan Larabci ne da ya lanƙwashe a bakin Sifaniyawa, asalinsa suƙ ad-dawab, kasuwar dabbobi, wato kara. Yanzu shagunan takubba ne da na alewar almon suka kewaye shi. Daga nan muka gangara ta wasu lunguna da ba su fi na cikin birnin Kano faɗi ba, har zuwa ginin da na fi ɗokin gani.

Masallacin Bab al-Mardum ƙarami ne ƙwarai, kamar mita takwas ne tsawonsa, faɗinsa ma haka, bai kai masallacin unguwarmu ba. Ginshiƙai huɗu ne a tsakiya suka raba rufin gida tara, kowane gida da irin ɗaurin bakansa daban, kamar maginin yana nuna duk abin da ya iya. A bangon waje akwai rubutun Kufi da aka tsara da jan bulo, yana faɗin cewa Ahmad bin Hadidi ne ya gina shi da dukiyarsa, magininsa Musa bin Ali, an gama a Muharram na shekara ta 390 bayan Hijira, wato ƙarshen 999. Na tsaya na haɗa baƙaƙen da ɗan Larabcin Islamiyyata, na karanta bisimillar da kaina. Jagorar ta ce rubutun ya yi ɗaruruwan shekaru a rufe, sai a 1899 aka gano shi. A ƙarni na 12 an mayar da ginin coci, aka ƙara masa ɗaki ta gabas, aka zana hoton Almasihu a rufinsa. Sunansa na yau Cristo de la Luz. Da tikiti ake shiga.

Na zo Toledo da labarin da na taso da shi, wanda kusan kowannenmu ya ji a wa'azi ko a Facebook: Andalus aljannar duniya ce, kafirai suka zo suka ƙwace. Ita kuma jagorar tana da nata labarin da ofishin yawon buɗe ido ya fi so, wai "Birnin Al'adu Uku", inda Musulmi da Kirista da Yahudawa suka zauna kamar 'yan uwa ɗaya. Kafin azahar kowannenmu ya ɗan rage murya.

Nawa ne ya fara tsagewa. Bayan halifancin Kurɗuba ya rushe a 1031, Andalus ta tarwatse zuwa ƙananan masarautu, kowa da garinsa da laƙabinsa mai nauyi. Toledo ta faɗa hannun gidan Zun-Nun, kuma a zamanin Al-Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 1043 zuwa 1075, ta yi tashen ilimi sosai. Alƙalin garin, Sa'id al-Andalusi, ya rubuta littafi a kan tarihin kimiyya a tsakanin al'ummomi. Az-Zarƙali, wanda ya fara a matsayin maƙerin kayan awon taurari, ya zama babban masanin falaki na zamaninsa, har akwai wani rami a duniyar wata da yake ɗauke da sunansa yau. Amma waɗannan sarakuna suna yaƙar junansu, suna biyan sarakunan Kirista na arewa zinariya don su kare su daga 'yan uwansu. A 1072 Al-Ma'amun ya sauki wani sarkin Kirista da ɗan uwansa ya kora, Alfonso na Shida, ya ba shi mafaka a Toledo. Shekara goma sha uku bayan haka, a watan Mayun 1085, wannan baƙon ne ya karɓi garin daga hannun jikan mai masaukinsa, Al-Ƙadir, wanda ya yarda ya fita a kan a ba shi sarautar Balansiya. Ba a fasa ganuwa ba, da yarjejeniya aka buɗe ƙofa.

Faɗuwar Toledo ce ta firgita sauran sarakunan har suka aika wa Yusuf bin Tashfin, shugaban Murabiɗun, mutanen da asalinsu daga yammacin Sahara ne. Ya tsallako ya karya Alfonso a Zallaƙa a 1086. Toledo dai ba ta dawo ba har yau.

A cikin babbar majami'ar garin aka zo kan nata labarin. An fara wannan gini a 1226, ba a gama ba sai 1493, kuma a kan harsashin babban masallacin Juma'a yake. Yarjejeniyar 1085 ta ce masallacin zai ci gaba da zama na Musulmi. Ba a daɗe ba aka karya alkawarin. Jagorar ta nuna mini wani mutum-mutumi a jikin ginshiƙi, ta ce na wani malami ne, Abu Walid. Wai sarauniya da babban limamin coci ne suka ƙwace masallacin sarki ba ya gari, da ya dawo ya fusata zai hukunta su, sai malamin ya roƙe shi ya yafe, Musulmi sun haƙura.

Na ce mata, "Ke kin yarda da wannan?"

Ta yi dariya ta ce, "Labari ne mai daɗi, kuma daga baya aka fara ba da shi. Ka lura dai da wanda ya wanke."

A nan na san kuɗina bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru da littattafai. Alfonso bai ƙone su ba, kuma mutanen da suke iya karanta su ba su tafi duka ba. Kiristocin garin na asali, waɗanda ake kira Mozarab, Larabci ne harshensu, har akwai takardun ciniki da na gado fiye da dubu da suka rubuta da Larabci a ƙarni na 12 da na 13, garin yana hannun Kirista. Sarki Alfonso na Takwas ma da rubutun Larabci ya buga kuɗin zinariyarsa a Toledo. Yahudawa masana kuma sun yi ta kwararowa daga kudu bayan Muwahhidun sun karɓi mulki. Sai ga littattafai, ga masu harshe biyu, ga limaman coci masu kuɗi da ƙishirwar sani, duk a gari ɗaya.

Na roƙe ta ta kai ni "makarantar fassara ta Toledo" da nake ji. Ta ce babu wani gini mai wannan suna a wancan zamani, masanan ƙarni na 19 ne suka raɗa shi. Mutane ne dai ɗaiɗaiku a kewayen majami'a. Babbansu Jerad mutumin Cremona ta Italiya, wanda ya zo neman littafin falaki na Batlimus, Almajisɗi, don babu shi da Latin, sai ya ga yawan abin da ke akwai ya zauna har mutuwarsa a 1187. Ya fassara littattafai fiye da 70, ciki har da Ƙanun na Ibn Sina, wanda makarantun likitanci na Turai suka yi ta karantawa har ƙarni na 17, da littafin tiyata na Az-Zahrawi, da aljabara na Al-Khawarizmi.

Yadda wasunsu suka yi aikin ya burge ni a matsayina na mai sana'ar kwamfuta. Wani Bayahude da ake kira Ibn Dawud zai riƙe littafin Ibn Sina yana karanta Larabcin, yana faɗinsa kalma-kalma da harshen kasuwa na garin, abokin aikinsa Dominikus yana mayarwa Latin yana rubutawa. Haka muke yi har yau idan tsari biyu ba sa jin juna, sai mu sa wani harshe a tsakiya. Kuma kamar yadda yake faruwa da mu, kuskure yakan shige. Masana lissafi na Indiya suna da kalmar jiba don rabin igiyar baka a da'ira. Larabawa suka are ta, suka rubuta da baƙaƙe uku babu wasali. Masu fassarar ƙarni na 12 suka karanta ta jaib, wato wuyan riga ko lanƙwasar tufa, suka fassara da sinus. Daga nan aka sami sin ɗin da ke kan kowace na'urar lissafi, wanda ni kaina na rubuta shi a manhaja ba adadi. Wannan jaib ɗin kuwa shi ne ya zo mana ta wata hanyar ya zama aljihu. Da na gaya wa jagorar haka sai ta ciro takarda ta rubuta, ta ce za ta ƙara a cikin bayaninta. Kalmar algoridim ma, wadda take ciyar da ni, sunan Al-Khawarizmi ne da Latin ya tauna. Sifiri kuwa ba sai na faɗa ba.

Ina jin mutanenmu suna cewa "mu muka ba Turawa ilimi", kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai Jerad ne ya bar garinsu ya tsallake duwatsu, ya koyi harshen mutanen da coci take yaƙa, ya ƙare rayuwarsa a kan littattafansu. Wannan ɓangaren ba mu cika faɗa ba.

Bayan mun ci abinci, kifi na zaɓa don kauce wa tambaya, muka shiga tsohuwar unguwar Yahudawa. Wurin ibadarsu da ake kira El Tránsito, Samuel ha-Levi ne ya gina shi wajen 1357, ma'ajin Sarki Pedro. Bangon cike yake da ado irin na Andalus, da rubutun Ibrananci, har da na Larabci. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka sarkin ya kama shi, ya mutu a hannun masu azabtarwa. A 1391 aka afka wa unguwar. A 1449, a Toledo ɗin nan, aka kafa dokar da ta hana Yahudawan da suka shiga Kiristanci riƙe muƙami, mafarin abin da aka kira tsarkin jini. A 1492 aka kori Yahudawa daga ƙasar. A 1502 aka ce Musulmin Kastila su karɓi baftisma ko su fita. A 1567 aka haramta wa jikokinsu Larabci, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kwashe su gaba ɗaya, kimanin mutum 300,000. Jagorar ta jero waɗannan shekaru da kanta, ban tambaye ta ba, kuma ba ta sake ambaton al'adu uku ba.

Waɗancan Musulmi na ƙarshe, da Larabci ya kuɓuce musu, sun koma rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, suna ɓoye littattafan a bango da ƙarƙashin daɓe. A 1884 an tono tarin irinsu a wani gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra da ke Aragon. Sunan wannan rubutu aljamiado. Ta fara yi mini bayanin asalin kalmar, na ce ta bari, kakana da shi yake rubuta wasiƙa, Ajami muke ce masa.

Abin da ya bar Toledo a tsaye yadda take shi ne an yi watsi da ita. A 1561 Sarki Filib na Biyu ya mayar da fadarsa Madrid, kuɗi da manyan mutane suka bi shi, ba wanda ya damu ya rushe lungunan ya yi tituna. A 1986 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

La'asar ta yi muna kan hanyar fita ta gadar Alcántara, wadda ita ma sunanta gada kawai yake nufi da Larabci. Ban yi azahar ba tukuna. Na gaya wa jagorar ina bukatar minti goma da wuri mai tsabta. Ta yi ɗan tunani, ta sa direba ya tsaya, muka sauka ta wata 'yar hanya zuwa bakin kogi inda masu motsa jiki suke wucewa. Na yi alwala da ruwan gora, na duba alƙibla a waya, ta nuna gabas da ɗan karkata kudu, garin yana bayana. Na shimfiɗa rigar sanyina na haɗa sallolin biyu ƙasaru. Ita kuma ta koma gefe ta riƙe mini jaka, tana amsa saƙon baƙin da za ta zagaya da su gobe.