Asalin Gandayen Shaƙatawa na Jihohi a Amurka

Gandun shaƙatawa na jiha, kamar yadda aka san shi a Amurka, yanki ne na daji ko tsauni ko bakin ruwa wanda gwamnatin jiha ta mallaka, ta hana noma da saran itace a cikinsa, sannan ta buɗe shi ga jama'a domin su sha iska, su ƙaru da ilimin halittu da tarihin wurin, su kuma kwana idan sun ga dama. Ya sha bamban da gandun ƙasa, wanda ke hannun gwamnatin tarayya, ta fuskar mai mallaka da kuma ta fuskar nisa, domin shahararrun gandayen tarayya galibi suna can yammacin ƙasar, nesa da manyan biranen gabas, alhali na jihohi suna inda ma'aikaci zai iya kai iyalinsa da safe ya komo gida da daddare. Irin wannan rabon iko ba baƙon abu ba ne a Najeriya, inda Yankari ya zama gandun tarayya a 1991 kafin a mayar da shi hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. A yau babu jihar da ba ta da nata gandayen a cikin jihohi 50 na Amurka, kuma ziyarar da ake kai musu a shekara ta haura miliyan 800, wato fiye da ninki biyu na wadda ake kai wa na tarayya.

Tushen al'amarin yana komawa ga ranar 30 ga Yuni, 1864, lokacin da Shugaba Abraham Lincoln, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya sa hannu a dokar da ta miƙa kwarin Yosemite da kurmin manyan itatuwa na Mariposa ga jihar Kalifoniya, bisa sharaɗin a riƙe su domin amfanin jama'a da hutawarsu, kuma kada a sayar da su har abada. Frederick Law Olmsted, masanin tsara lambuna da filaye wanda aka sa a hukumar kula da wurin, ya rubuta rahoto a 1865 inda ya nuna cewa a Turai masu hannu da shuni ne suka killace wuraren da suka fi kyau domin kansu, kuma wajibi ne gwamnatin da jama'a suka zaɓa ta hana aukuwar haka. Sai dai kwarin ba kango ba ne, domin mutanen Ahwahneechee, 'yan asalin ƙasar, suna zaune a cikinsa tun kafin zuwan Turawa, har zuwa 1851 da wata rundunar sa-kai ta jihar ta afka musu, ta ƙone ƙauyukansu da rumbunan abincinsu. Tarihin da ya tsallake wannan ɓarna bai cika ba. Kalifoniya ba ta iya riƙon wurin yadda ya kamata ba, saboda ƙarancin kuɗi da rigingimu da masu da'awar filaye, don haka ya koma hannun tarayya a 1906. Shi kuwa Yellowstone, an mai da shi gandun tarayya ne a 1872 saboda a lokacin yankin da yake bai zama jiha ba, balle a sami wadda za a damƙa wa shi.

Wurin da ya fi nuna dalilin da ya sa jihohi suka tsunduma cikin wannan aiki shi ne magangarar ruwan Niagara. Kafin 1885 filayen da ke bakin ruwan duk mallakar 'yan kasuwa ne, waɗanda suka jera masana'antu da injinan niƙa a gaɓar kogin domin cin moriyar ƙarfin ruwa, wasu kuma suka kafa dogayen shingaye, ta yadda baƙon da ya yi doguwar tafiya ba zai ga abin da ya zo gani ba sai ya biya kuɗi a kowace ƙofa. Olmsted da mai zane Frederic Church da wasu masu faɗa a ji suka tashi tsaye da rubuce-rubuce da takardun koke, aka daɗe ana kai ruwa rana a majalisar dokokin jihar Niyok, inda masu adawa ke ganin ba aikin gwamnati ba ne ta kashe kuɗin haraji wajen sayen abin kallo. Daga ƙarshe Gwamna Grover Cleveland ya sa hannu a dokar zaɓen filayen a 1883, magajinsa David Hill ya amince da biyan diyya ta sama da dala miliyan 1.4, aka rushe gine-ginen, aka buɗe wurin kyauta a watan Yuli na 1885. Muhimmancin wannan mataki shi ne jiha ta yi amfani da ikonta na karɓar fili daga mai shi tare da biyan diyya, ikon da aka saba amfani da shi domin hanya ko magudanar ruwa, ta karɓi fili saboda kyawunsa kawai. Niagara shi ne gandun jiha mafi daɗewa da har yanzu yake aiki a ƙasar.

A shekarar 1885 ɗin kuma Niyok ta killace dazukan tsaunukan Adirondack, bisa fargabar cewa saran itace zai ƙafar da kogin Hudson da mashigin Erie da kasuwancinta ya dogara a kansu, kuma a 1894 ta shigar da kariyar cikin tsarin mulkinta. Minnesota ta kafa gandun Itasca a mafarin kogin Mississippi a 1891, bayan ƙudurin ya tsallake majalisa da ratar ƙuri'a ɗaya tak.

Duk waɗannan wuraren kallo ne ko na kare ruwa. Kwana da karatu sun shigo ne ta hanyar duwatsun Palisades, wasu dogayen duwatsu da ke gaɓar kogin Hudson daura da birnin Niyok, waɗanda masu fasa dutse ke tarwatsawa da nakiya domin samun tsakuwar gina tituna. Ƙungiyoyin mata na jihar New Jersey ne suka ja ragamar hana wannan ɓarna, har jihohin biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1900, lokacin Theodore Roosevelt yana gwamnan Niyok. A 1910 Mary Harriman, matar wani attajirin jiragen ƙasa da ya rasu, ta ba da kyautar fili eka 10,000 da dala miliyan ɗaya, wanda ya zama tushen gandayen Harriman da Bear Mountain. Jiragen ruwa suka riƙa kwaso mutanen birni da kuɗi kaɗan, aka buɗe masauki a 1915, aka kuma gina sansanoni a bakin tafkuna, inda ƙungiyoyin jinƙai da na 'yan sikawut ke kawo yaran unguwannin talakawa su yi mako ɗaya ko biyu suna iyo da tuƙa kwalekwale. A nan ne kuma masanin ƙwari Frank Lutz ya shimfiɗa wata 'yar hanyar ƙafa a 1925, ya maƙala ƙananan alluna a jikin itatuwa da tsirrai masu bayyana sunansu da halinsu cikin sauƙin harshe. Ya raba hanyar gida biyu: a kashi na farko mai tafiya yana karanta bayani, a na biyu kuma tambayoyi yake tararwa domin ya gwada abin da ya riƙe. Shekara biyu bayan haka aka buɗe ƙaramin gidan adana kayan tarihi da halittu a bakin hanya a Bear Mountain, kuma daga nan wannan salon koyarwa ya bazu zuwa sauran jihohi.

Tambayar wanda zai ɗauki nauyin kuɗi ta taso ne a Indiyana, inda Richard Lieber, haifaffen Jamus, ya shawo kan jihar ta yi bikin cikarta shekara 100 a 1916 da kafa gandaye. An sami McCormick's Creek ba tare da wahala ba, amma a gwanjon dajin Turkey Run wani kamfanin katako ya fi su tayi, sai da aka tara gudummawa aka saye shi daga hannun kamfanin da tsada. Lieber ya dage a kan abu biyu, wato a karɓi ɗan kuɗin ƙofa, wanda a farko sulai kaɗan ne, domin mai amfani da wuri ya taimaka wajen riƙonsa, a kuma gina masaukai masu sauƙin farashi a cikin gandun, saboda iyalin da ba su saba kwana a tanti ba su sami ɗaki da abinci. Ra'ayin kafa gandayen jihohi ya sami babban majiɓinci a wurin Stephen Mather, shugaban farko na hukumar gandayen tarayya da aka kafa a 1916, wanda 'yan majalisa suka dame shi da roƙon ya karɓi wuraren da ba su kai matsayin gandun ƙasa ba. Maimakon ya yi ta ƙin su, sai ya kira taro a birnin Des Moines na jihar Iowa a Janairun 1921, lokacin da fiye da rabin jihohi ba su da gandu ko ɗaya, ya kwaɗaita musu burin a sami gandun jiha a kowane mil 100 daga wannan gaɓar teku zuwa waccan.

Abin da ya sa wannan buri ya yi ma'ana shi ne mota. Tun da kamfanin Ford ya fito da motarsa mai arha a 1908, yawan motoci ya kai kimanin miliyan 8 a 1920, ya haura miliyan 20 kafin ƙarshen wannan goman, kuma masu su suka riƙa ɗaura tanti da tukwane suna shiga daji, suna yada zango duk inda suka ga inuwa. Ba a jima ba itatuwa suka fara mutuwa. E. P. Meinecke, masanin cututtukan tsirrai, ya binciki gandayen manyan itatuwa na Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1920, ya gano cewa tayoyin mota da sawun mutane suna danne ƙasa har ta taurare kamar daɓe, sai ƙananan saiwoyin da ke kusa da sama su rasa iska da ruwa, kuma idan wuri ya lalace masu zango sukan matsa gaba su lalata wani. Maganin da ya gabatar a 1932 shi ne a yi hanya mai zagaye wadda motoci ke bi ta fuska ɗaya, a fitar da ɗan gajeren reshe daga jikinta domin kowace mota, a tokare gefensa da manyan duwatsu ko gungume don kada direba ya wuce iyaka, sannan a kafa murhu da tebur a wurin da ba za a iya gusar da su ba. Da zarar an tsayar da mazaunin mota da murhu da tebur, mazaunin tanti ya tsayu da kansa, sauran ƙasar kuma ta huta. Wannan tsari ne matafiyi ke tararwa har yau a kusan kowane sansanin kwana na ƙasar.

Hannun da ya gina da yawa daga cikin abin da ake gani yanzu kuwa na matasa marasa aikin yi ne. A 1933, cikin tsananin karayar tattalin arziki, Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar farar hula ta raya dazuka, wadda aka fi sani da CCC, inda aka ɗebi samari marasa aure, da farko 'yan shekara 18 zuwa 25, aka zaunar da su a sansanoni na kimanin mutum 200 ƙarƙashin kulawar sojoji, ana biyan kowannensu dala 30 a wata, 25 daga ciki ana aika wa iyayensa kai tsaye. Kafin a rufe shirin a 1942 kusan mutum miliyan 3 sun ratsa ta cikinsa, kuma sun yi aiki a gandayen jihohi da na ƙananan hukumomi kimanin 800. Su ne suka sassaƙa duwatsu suka gina ɗakunan kwana da rumfunan cin abinci da gadoji da madatsun ruwa, da dutse da itacen da aka samu a wurin, bisa ƙa'idar cewa gini ya dace da ƙasar da yake kai. Da yake tarayya ba ta tura 'yan aiki sai jiha ta tanadi fili, jihohin da suka yi ta jan ƙafa suka hanzarta sayen ƙasa, har Virginia ta buɗe gandaye shida a rana ɗaya, 15 ga Yuni, 1936.

Amma ƙofar ba ta buɗu ga kowa ba. A jihohin kudu dokokin wariyar launin fata sun hana baƙaƙen fata shiga yawancin gandayen, ciki har da waɗanda matasa baƙaƙe suka gina da guminsu, kuma 'yan wuraren da aka keɓe musu, irin wanda aka kafa kusa da Memphis a 1938 kuma daga baya aka sa masa sunan T. O. Fuller, ba su kai na fararen fata yawa ko girma ba. Da kotuna suka fara rushe wannan zalunci, wasu jihohi sun gwammace kowa ya rasa: Virginia ta rufe gandun Seashore a 1955, South Carolina kuma ta rufe nata baki ɗaya a 1963, ba ta buɗe su sosai ga kowa ba sai 1966, bayan dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta wariya a wuraren jama'a.

A wannan shekara ta 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kafa asusun kare ƙasa da ruwa, wanda daga baya aka ɗora shi a kan kuɗin da gwamnati ke samu daga haƙar mai a cikin teku, kuma yana biyan rabin kuɗin sayen fili ko gina wurin shaƙatawa idan jiha ta kawo sauran rabin. A 2020 aka tabbatar masa da dala miliyan 900 a kowace shekara. Sai dai asusun na saye da gini ne, albashin masu gadin daji da gyaran rufin da ke yoyo suna wuyan jihohi, kuma gandaye na cikin abubuwan da ake fara zaftare wa kasafi idan aljihu ya yi rauni, kamar yadda aka gani a 2011 lokacin da Kalifoniya ta fitar da sunayen gandaye 70 da ta yi niyyar rufewa, kafin ƙungiyoyin sa-kai da masu ba da gudummawa su ceto su. Wannan ya sa jihohi da yawa suka ƙara dogaro da kuɗin ƙofa da hayar ɗakuna da filayen tanti, abin da ke da haɗarin mayar da talaka baya a wurin da aka kafa dominsa. Missouri ta bi wata hanya dabam tun 1984, lokacin da masu zaɓe suka amince da harajin saye da sayarwa na kashi ɗaya cikin dubu, wanda ake rabawa tsakanin gandaye da aikin hana zaizayar ƙasa, kuma har yanzu ba a karɓar kuɗin ƙofa a gandayenta.