Wuri, Sule da Naira: Matsalar Madogara wajen Ƙiyasta Farashin Zamanin Da a Tarihin Minna

1.0 Gabatarwa

Ya zama ruwan dare a rubuce-rubucen tarihi da na nazarin adabi a ga marubuci ya kawo wani adadin kuɗi na zamanin da, sannan ya biyo shi da cewa wannan kuɗi daidai yake da Naira kaza a yau, ba tare da ya faɗi inda ya samo lissafin ba. Mai karatu kuwa yakan karɓa ba musu, domin adadi yana da wani kwarjini da zance ba shi da shi. Daga nan sai wani marubucin ya kwafa, ɗalibai su haddace, ƙiyasin da ba shi da tushe ya koma hujja. Wannan maƙala ta ɗauki garin Minna a matsayin abin misali, saboda gari ne da ya tashi daidai lokacin da kuɗin wuri ke faɗuwa, kuɗin Turawa ke kama ƙasa. Duk wanda ya so ya ja farashi daga farkon garin zuwa yau, sai igiyar ta tsinke masa a wurare uku.

2.0 Daga Wuri zuwa Sule

Hanyar jirgin ƙasa ce ta mayar da Minna gari. A zamanin Gwamna Girouard, wanda ya zo Arewa a 1907, aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a bakin Kwara, ya ratsa ƙasar Nufawa da ta Gbagyi, ya isa Kano a 1911. Ba da daɗewa ba layin da ya taso daga Legas ta Jebba da Zungeru ya haɗu da shi a Minna. Mason (1978) ya nuna cewa yawancin leburorin aikin ta hannun sarakuna aka tattaro su bisa tilas. Da tsabar kuɗin Turawa ake biyan su, gwamnati kuma ta shiga neman haraji da irin wannan kuɗi. Amma a kasuwar ƙauye, inda lebura zai sayi dawa ko doya, wuri ne mai ci.

Nan ne tsinkewa ta farko, domin wuri bai taɓa samun tsayayyar daraja ba. Barth ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. A wajen wannan lokaci ne 'yan kasuwar Jamus suka fara jido wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya karya darajarsa a sauran shekarun ƙarnin, kamar yadda Johnson (1970) da kuma Hogendorn da Johnson (1986) suka yi bayani. Bayan bambancin shekara akwai na waje. Wuri kaya ne mai nauyi, keso guda, wato wuri 20,000, kayan mutum ne sukutum. Saboda kuɗin dako, darajarsa takan ƙaru gwargwadon nisan gari daga bakin ruwa. Ke nan canjin da aka rubuta a Kano ba zai zauna a Bida ko Baro ba, balle a ɗora shi a kan Minna ba tare da an faɗa ba.

Shi kansa harshen Hausa ya ajiye shaida a kan wannan zamani, kuma abin mamaki ne yadda masu ƙiyasi ba su cika waiwayarta ba. Kalmar "kuɗi" asalinta jam'in "wuri" ce. Rabin kwabo kuwa sunansa "ɗari", domin a madadin wuri 100 aka karɓe shi. Idan aka bi wannan lissafi, kwabo ya zama wuri 200, sule mai kwabo 12 ya zama wuri 2,400, anini kuma, wanda goma ke yin kwabo, ya faɗa a kan wuri 20, wato hauya guda a tsohon ƙidayar 'yan kasuwa. Wannan shaida ce mai ƙarfi, amma tana da iyaka: suna yakan daskare a kan canjin lokacin da aka raɗa shi, kasuwa kuwa ta ci gaba da tafiya. Wanda ya dogara da "ɗari" don ya fassara wurin 1880 ko na 1920 ya ɗora wa kalmar kayan da ba nata ba.

3.0 Shekarun da Babu Ma'auni

Da aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, fam da sule da kwabo suka zauna, kuma darajarsu tana ɗaure da fam ɗin Ingila. Wannan ne ya sa marubuta da dama ke ɗaukar farashin Minna na 1925, alal misali, su auna shi da ma'aunin hauhawar farashi na Bankin Ingila, su sami fam na yau, sannan su juya shi zuwa Naira. Hanyar tana da sauƙi, amma kurakurai biyu ke cikinta. Ma'aunin Ingila an gina shi ne a kan abin da magidancin Ingila ke saye: burodi, gawayin ƙasa, hayar gida. Babu dawa a ciki, babu doya, babu manja. Sannan juyawar ƙarshe ta rataya ne a kan canjin ranar da aka yi lissafi. A watan Mayu na 2023 canjin hukuma yana wajen Naira 460 a kan dalar Amurka guda, a cikin 2024 kuwa ya haura Naira 1,500. Marubuta biyu da suka ƙiyasta albashin akawun tashar Minna, ɗaya kafin wannan sauyi ɗaya bayansa, za su sami amsoshin da ɗaya ta ninka ɗaya sau uku, alhali akawun ya daɗe a kabari, albashinsa bai motsa ba.

To ina ma'aunin gida? Ma'aunan farashin kayan masarufi na farko a Nijeriya na Legas da Ibadan da Kaduna da Inugu ne, an kuma ɗora su a kan shekarun 1953 da 1957. Minna ba ta cikinsu, ko da yake ita ce hedikwatar Lardin Neja. Abin da ake da shi kafin nan tarkacen bayanai ne. Akwai kundin ƙididdiga na shekara-shekara da Turawa ke kira Blue Book, wanda ke kawo farashin abinci da ladan lebura, kuma da shi Frankema da van Waijenburg (2012) suka yi aiki wajen auna ainihin ƙarfin albashi a ƙasashen Afirka da Ingila ta mallaka. Akwai kuma rahotannin ƙiyasin haraji da Di'o-Di'o suka rubuta gunduma-gunduma, waɗanda ke ajiye a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardin ke ƙarƙashin alamar MINPROF.

Waɗannan takardu su ne mafi kusa da kasuwar Minna, amma suna bukatar karatu da lura. Jami'in da ya rubuta su haraji yake son yankawa, don haka yana da dalilin kambama amfanin gona, manomi kuma yana da dalilin ɓoyewa. Sau da yawa ba a faɗin watan da aka ɗauki farashi, alhali kowa ya san tazarar da ke tsakanin kaka da tsakiyar damina. Shekarar ma abin dubawa ce: farashin hatsi na 1914, shekarar yunwar Kakalaba, ba ya wakiltar zamaninsa. Sai kuma batun awo. Mudu ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, tiya ma haka. Doya, wadda ita ce jigon cinikin Minna da Paiko, da ƙwarya ake sayar da ita, wato guda 100, kuma ƙwaryar manya daban take da ta ƙanana. Baturen da ya juya wannan zuwa nauyin sikeli ƙiyasi ya yi, ko da bai faɗa ba. Saboda haka ambaton lambar fayil kawai bai wadatar ba, sai an haɗa da gunduma da wata da irin awon.

Ga waɗannan shekaru, abin da ya fi aminci shi ne a bar Naira gefe, a auna kuɗi da abin da yake saye a lokacinsa: ladan yini guda mudu nawa ne na dawa, ko harajin shekara kwana nawa ne na aikin lebura. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam ɗan Kagara yana editanta, kwabo ake sayar da ita. Faɗin abin da kwabon ke saye a kasuwa a 1939 ya fi amfani ga mai nazarin yaɗuwar karatun boko a kan kowane adadi na Naira.

4.0 Zamanin Naira

Ranar 1 ga Janairu, 1973, Naira ta maye gurbin fam, a kan Naira 2 kowane fam, sule kuma ya koma kwabo 10. Bayan shekara uku, a 1976, Minna ta zama babban birnin Jihar Neja. Daga nan bayanai sun yawaita, sai dai ma'aunin ba zare ɗaya ba ne. An sake masa shekarar tushe a 1960 da 1975 da 1985 da 2003 da 2009, sannan 2024, kuma a kowane karo akan sauya jerin kayan da ake aunawa da nauyin da aka ba kowannensu. Ofishin Ƙididdiga na Tarayya ne ke fitar da shi a da, daga baya Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gaje shi. Girman tasirin irin wannan sauyi ya fito fili a farkon 2025: hauhawar farashi ta Disambar 2024 kashi 34.80 ce cikin ɗari a tsohon ma'auni, ta Janairun 2025 kuwa kashi 24.48 a sabon, ba don kaya sun sauko a kasuwa cikin wata guda ba. Mai son ja daga 1975 zuwa yau dole ya ɗinke ma'aunai da dama, ya ratsa shekaru irin 1995 da hauhawar ta haura kashi 70, inda ɗan kuskure a mahaɗa ke kumbura ya zama babba. Ya wajaba ya faɗi ma'aunan da ya ɗinke, da ko na birni ne ko na karkara ko na ƙasa baki ɗaya.

Masu tattara tarihin baka suna da tasu matsalar, kuma ta harshe ce. Naira ta zo, amma tsofaffin sunaye ba su tafi ba. "Fam" ya ci gaba da nufin Naira 2, "sule" kwabo 10, "jaka" kuma, wadda a da fam 100 ce, ta koma Naira 200. Dattijon da ya ce ya sayi fili a Bosso a kan jaka uku bai faɗi ko kafin 1973 ne ko bayanta ba, kuma mai fassarar da ya rubuta Naira 600 ya shafe alamar da za a bi a gane. "Dala" ta fi rikitarwa: a bakin mutanen ƙarni na 19 azurfar da Barth ya gani ce, a zamanin Turawa sule 2, a bakin fataken Maraɗi da ke saukowa sayen doya kuwa sefa 5 ce. Don haka a rubutun hira kalmar mai ba da labari ce ya kamata ta fara zuwa yadda ya furta ta, tare da garinsu da shekarar da yake magana a kanta, kafin kowace fassara.