Hoton Fadama Daga Sama: Tarihin Dokokin Sayen Hotunan Tauraron Ɗan Adam

Wanda duk ya fita ta Ƙofar Kware, a arewacin birnin Sakkwato, ba zai yi nisa ba zai gangara fadamar Gulbin Rima, inda ake noman shinkafa da albasa. Sanin kowa ne cewa rayuwar wannan fadama ta dogara ga ambaliya, kuma tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984 tafiyar ruwan ta sake. Auna wannan sauyi da ƙafa aiki ne mai wuya. Hoton tauraron ɗan Adam shi ke nuna kwarin gaba ɗaya a lokaci guda. Amma samun hoton bai rataya ga ilmi kaɗai ba, ya rataya ga dokar da ta faɗi wanda zai saya da wanda aka yarda ya gani.

Amurka ta harba Landsat na farko a 1972. Gwamnati ce mai shi, tana kuma sayar da hotunansa da rahusa ga kowace ƙasa. Wannan ya zo daidai da babban farin da ya auka wa yankin Sahel, watau lokacin da aka fi bukatar sanin halin ƙasa da tsirrai. A 1974 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai don lura da ruwan sama da amfanin gona.

A 1984 majalisar Amurka ta zartar da dokar miƙa Landsat ga 'yan kasuwa, kamfanin EOSAT ya karɓa a 1985. Kuɗin hoto guda ya hau har dala 4,400, aka kuma hana mai saye ya ba wani kwafi. A daidai shekarun da darajar naira ke faɗuwa, wannan farashi ya fi ƙarfin sashen nazarin ƙasa na jami'o'i da yawa. Daɗin daɗawa, inda babu masu saye ba a cika ɗaukar hoto ba, saboda haka taskar hotunan Afirka ta Yamma ta sami giɓi wanda ba ya cikuwa, domin ranar da ta wuce ba a sake ɗaukarta.

Ganin haka, majalisar ta yi gyara da dokar 1992, ta mai da Landsat 7 hannun gwamnati. Dokar 1998 kuwa ta umarci hukumar NASA ta sayi bayanan binciken ƙasa daga kamfanoni idan sun biya bukatar ilmi kuma akwai sauƙin kuɗi. Daga 2008 aka buɗe taskar Landsat kyauta ga kowa.

Nijeriya ta bi wata hanya, wato mallakar tauraronta. An kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 a 2003, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Dokar hukumar ta 2010 ta ɗora mata ajiyar dukkan bayanan tauraro da suka shafi ƙasar. A cikin Satumba na wannan shekara ce Rima ta yi ambaliyar da ta cinye gonaki, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Darasin wannan tarihi ga ma'aikacin gwamnati a fili yake. Kafin a sa hannu a kwangilar sayen hoto, wajibi ne a duba ko an yarda ma'aikatu da jami'o'i su yi tarayya a kansa, da inda za a adana shi. In ba haka ba, sai a sayi hoton fadama ɗaya sau biyu da dukiyar jama'a, ɗalibin da ke bincike a kanta kuwa bai taɓa ganinsa ba.