Turancin da Ya Tsaya a Ƙofar Zaure

A gidan da na tashi a Mahuta, kakata tana iya ƙirga shanu da Fillanci, mahaifina yana karanta wasiƙar ajami ba gargada, mu kuwa yara Hausa zalla muka sani. Turanci sai an je makaranta, nan ma a allo yake tsayawa. Da an tashi, malamin da ya rubuta shi da Hausa zai aike ka sayo goro.

Wannan rabon aiki ya girme mu duka. Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausar boko aka fara koyarwa. Turawan mulki ba su yi ɗokin watsa harshensu a karkara ba. Sun keɓe shi ga 'yan ƙalilan, kamar waɗanda aka zaɓa zuwa Kwalejin Katsina da ta fara aiki a 1921. Abin mamaki, ɗaya daga cikin ɗalibanta, Abubakar Imam, da Hausa ya yi suna, daga Ruwan Bagaja har zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939.

A kudancin Katsina kuma auduga ce ta tsara mana harshe. Jirgin ƙasa ya iso Funtuwa wajen ƙarshen shekarun 1920, injinan gurzar auduga suka jawo akawu da 'yan kasuwa, Yarbawa da Ibo. Sai ka zaci a nan Turanci zai kama ƙasa. Ina! Baƙin ne suka koyi Hausa, domin manomin da ya kawo auduga kan sikeli ba shi da dalilin sauya baki. Haka Hausa ta riƙa cinye Fillanci a gidajen Fulanin gari, a hankali, ba tare da wata doka ba.

Shirin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida kafin a juya zuwa Turanci, amma littattafai da ƙwararrun malaman da za su yi wannan juyi ba su wadata ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce harshen uwa ya riƙe firamare gaba ɗaya, a 2025 kuma aka soke.

Ni sai a jami'a, gaban kwamfuta, na gane tsadar abin. Lissafin ba ya ba ni wuya, saƙon kuskuren da na'ura ke fitarwa ne nake karantawa sau uku. Yau ɗan ƙanwata yana shirin jarrabawar JAMB, wadda ake yi a kwamfuta, da Turanci. Tambayoyinsa kuwa ta WhatsApp yake turo mini, saƙon murya, da Hausa.