Kome Ƙanƙantar Allura Ƙarfe Ce

A watan Disamba na shekarar 1852 wani baƙo ya sauka a Gure. Bature ne ɗan ƙasar Jamus, sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasashenmu da Abdulkarim aka san shi. Daga Kukawa ya taso, za shi Damagaram. A lokacin Gure ce gidan sarautar Muniyo, Muniyoma Koso yana bisa gado. Da a ce wani mai ciwon baya ya je wurin baƙon nan ya ce a yi masa allura, da bai samu ba. Ba don rowa ba. Ko a can ƙasar Turawa ba a soma aiki da ita ba tukuna. Sai da shekara ta kewayo aka ƙera ta.

A zamanin nan idan ciwo ya daɗe a jiki, wanzami ake kira. Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya fid da jini. In abin ya ƙi, a sa ƙarfe a wuta a yi lalas. Kada mai karatu ya ce kakanninmu ne kaɗai a baya. Likitocin Turai ma jini suke fitarwa, suna manna wa mutum matsattsaku, suna ƙona fata.

Kafin mu ci gaba, sai mun rarrabe abu biyu, domin Bahaushe suna ɗaya ya ba su. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudu a cikinta. Akwai kuma wata jijiya fara mai kama da zare, ba ta ɗauke da jini. Daga ƙwaƙwalwa da laka take fitowa, ta bazu ko'ina cikin jiki. Ita ke kai labari. In ka taka ƙaya, ita ke gaya wa kai. In ka so ɗaga ƙafa, ita ke kai umurni. Idan ita kanta ta ji rauni, ciwonta daban yake. Zafi ne kamar wuta, ko suka kamar harbin kunama, ko ka ji kamar kiyashi na tafiya a ƙarƙashin fata. Kuma yakan daɗe bayan miki ya warke sarai.

To, saboda irin wannan ciwo aka fara yin allura. A 1844 wani likita mai suna Francis Rynd, a birnin Dublin, ya zura magani ƙarƙashin fatar wata mata da ciwon jijiyar fuska ya hana ta barci. A 1853 Alexander Wood, likita a Edinburgh ta ƙasar Sikotilan, ya haɗa kwalbar tura ruwa da siririyar allura mai rami. A wannan shekara kuma wani Bafaranshe, Charles Pravaz, ya ƙera irin tasa a birnin Lyon. Wood ya gwada tasa a kan wata tsohuwa mai ciwon kafaɗa. Ya nemi daidai inda ya fi zafi, ya tura maganin da ake kira morfin. Tsohuwa ta yi barci mai nauyi, har da safe aka tashe ta da ƙyar.

Wood ya zaci maganin a bakin jijiyar ya tsaya ya yi aiki. Ashe ba haka ba ne. Bayan ƴan shekaru wani likita a Landan, Charles Hunter, ya nuna cewa ko'ina aka tura morfin, jini ne ke kwashe shi ya kai ƙwaƙwalwa. Sai likitoci suka rungumi abin, suna yi wa kowa. Nan aka ga aibinsa. Wanda ya saba da shi ba ya iya bari. Mu da muka ga abin da ƙwayar tiramol ta yi wa samarinmu, mun san wannan masifa ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Maganin da ke kashe wuri ɗaya kawai, mutum yana farke, sai a 1884 aka same shi. Carl Koller, wani saurayin likita a birnin Vienna, ya ɗiga ruwan koken a ido, ido ya daina jin taɓi. William Halsted a Amurka ya ji labari, ya tura shi da allura kusa da jijiya, duk wurin da jijiyar ke yi wa aiki ya mutu na ɗan lokaci. A jikinsa ya riƙa gwadawa, shi ma ya kamu da jarabar abin, ya sha wahala ƙwarai. A 1905 aka fito da prokayin a Jamus, wanda ba ya kama mutum haka. A 1943 aka haɗa lidokayin a ƙasar Suwidin. Shi ne wanda ake yi maka yau in za a ɗinke maka rauni ko a cire maka haƙori.

Batun tabo kuwa yana da nasa labari. Wasu likitoci biyu a Jamus, wa da ƙane, Ferdinand da Walter Huneke, sun fara yi wa masu daɗaɗɗen ciwo allurar prokayin tun 1925. A 1940 Ferdinand ya ce ya yi wa wata mata allura a wani tsohon tabo na ƙafa, nan take ciwon kafaɗarta ya ɓace. Daga nan suka ɗauka cewa tabo na iya jawo cuta a can wani wuri mai nisa a jiki. Har yau suna da mabiya. Amma bincike bai tabbatar da wannan magana ba. Ni a ganina sun ga gaskiya ƴar kaɗan, suka yi mata babbar riga.

Ga gaskiyar da ta tabbata. Idan aka yi wa mutum aiki, wuƙa takan yanke ƙananan jijiyoyi. Yawancinsu sukan lafa. Amma wata takan maƙale cikin tabo, wata kuma bakinta ya dunƙule kamar ƙwayar gero, ko riga ta taɓa wurin sai mutum ya zabura. Cikin mutum goma da aka yi wa aikin ƙaba, wajen ɗaya yakan ci gaba da jin ciwo bayan wata uku. Matan da aka yi wa fiɗa wajen haihuwa ma wasu na fama da shi, sai dai kunya kan hana su faɗa. A nan likita yakan tura lidokayin daidai wurin. In zafi ya ɗauke nan take, an gane mai laifi. Sau da yawa yakan haɗa da wani magani mai kwantar da kumburi, dangin kotizon, wanda aka fara aiki da shi wajen 1950. Sauƙin yakan kai makonni ko watanni. Wani ya rabu da ciwon ke nan. Wani sai an maimaita, wani kuma sai an sake buɗe wurin.

Akwai kuma tabo mai tasowa, wanda ke yin tudu, ya wuce iyakar raunin, yana ƙaiƙayi yana suka. Likitoci na ce masa keloyid. Ya fi kama baƙar fata. Mukan gan shi a kunnen da aka huda, ko a ƙirji, ko inda wanzami ya yi tsaga. In an yanke shi kawai, sau da yawa yakan dawo, har ya fi da girma. Tun shekarun 1960 ake tura masa dangin kotizon a cikinsa, kamar sau ɗaya a wata, sau da dama. Yakan yi laushi ya kwanta, ƙaiƙayi ya ragu. Amma fatar wurin takan yi fari-fari, kuma in an cika magani takan yi sirara. Allurar tana da zafi, ba a ɓoye wannan.

Yanzu mu komo gida. Faransawa sun ci Damagaram a 1899. A 1905 suka kafa hukumar kula da lafiyar talakawa a ƙasashen da suka mallaka na yammacin Afirka, a 1918 kuma suka buɗe makarantar likita a Dakar don ƴan ƙasa. Da fari mutane gudu suke yi. Abin da ya juya zukata shi ne fenisilin, bayan yaƙin duniya na biyu. Mutum ya shekara da gyambon tunjere, a yi masa allura, kafin kwana kaɗan ya bushe. Wa zai ga haka bai yarda ba? Daga 1967 kuma aka bi gari-gari ana lambar agana da rigakafin ƙyanda, da wata na'ura mai kama da bindiga wadda ake takawa da ƙafa. Tsofaffinmu na tune da ita. A 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare a duniya.

Daga nan allura ta sami suna fiye da kima. Mutum ya tafi likita, majo ya ba shi ƙwaya, ya fito yana ƙunƙuni wai ba a duba shi ba. Da masu neman kuɗi suka ga haka, sai kowace kasuwa ta sami mai allurarta, da ƴar jakarsa, bai taɓa shiga aji ba. Allura ɗaya ta shiga jikin mutum biyar. Ta haka ciwon hanta ke yaɗuwa, haka ma sida. Shi ya sa aka bar ta kwalba wadda ake dafawa, aka koma ta roba, a buɗe a gabanka, a yi sau ɗaya a jefar.

Amma ɓarnar da ta fi taɓa yaranmu ta jijiya ce. Jijiyar da ta fi kowace girma a jiki ta cikin ɗuwawu ta bi, ta gangara bayan cinya har tafin ƙafa. A babban mutum kaurinta ya kai yatsa. A yaro ramamme ba ta da nisa da fata. Da damina masassara kan kwantar da yara, a da kuwa kinin ake tura musu a ɗuwawu. Kinin magani ne na gaske, ya ceci rayuka da yawa, amma yana cin nama. In allura ta sauka ƙasa ko ta matsa tsakiya, ta sami jijiyar, yaro yakan ƙwala ihu, zafi ya tsarga har yatsu. Masassara ta tafi, a bar yaro yana jan ƙafa. Iyaye su ce shan inna ce, ko iska ta taɓa shi.

A shekarun 1990 wani likita Bafaranshe, Hubert Barennes, wanda ya yi aiki a Yamai, ya yi rubutu a kan wannan ɓarna. Shi da abokan aikinsa sun gwada ba yara kinin ta dubura, suka ga yana shiga jini ya yi aiki ba tare da an huda nama ba. A 2010 kuma aka ƙare wani babban gwaji a ƙasashen Afirka 9, a kan yara fiye da 5,000 masu masassara mai tsanani. Aka ga wani magani, artesunat, ya fi kinin hana mutuwa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi za a sa gaba. Masassarar da ba ta yi tsanani ba kuwa, ƙwaya ta kwana uku ta ishe ta, in dai yaro na iya haɗiya.

Ma'aikacin da ya koyi aikinsa yakan raba ɗuwawu gida huɗu a idonsa, ya zaɓi na sama ta gefen waje. Ƙaramin yaro kuwa a cinya ake yi masa, ta gaba wajen gefe. Uwa na da ikon tambaya a ina za a yi, kuma don me ba ƙwaya ba. Idan an riga an yi, yaro ya tashi ƙafa ta saki, ko yana kukan zafi dare da rana, kada a tsaya ana lalas a gida. A kai shi asibitin Gure, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura babban asibitin Damagaram. Ana ba da maganin rage zafin jijiya. Ana koya wa uwa yadda za ta riƙa motsa ƙafar kullum don kada idon sawu ya sandare, a kuma yi wa yaro abin tallafe ƙafa. Jijiyar da ba ta lalace duka ba tana tohowa, amma a hankali, kamar milimita ɗaya a yini, wato kusan faɗin yatsa biyu a wata. Daga ɗuwawun yaro zuwa ƙasan gwiwarsa tafiyar watanni ce masu yawa. Wasu yaran sukan miƙe sarai, wasu kuwa da ɗingishin suke girma.